Kafin A Auna Zuciyar Mutum, A Fara Auna Ma'aunin

Duk shekara idan zangon karatu ya zo ƙarshe, shagunan buga takardu da ke bakin ƙofofin jami'o'inmu da kwalejojin ilimi sukan cika da ɗalibai masu ɗaure kundi. Kundayen da ke fitowa daga sassan ilimin koyarwa, da ba da shawara, da nazarin halayyar ɗan Adam, da zamantakewa, da kiwon lafiyar al'umma, mafi yawansu a kan abu ɗaya suka jingina, wato takardar tambayoyi. Da ita ake auna fargabar jarrabawa a zukatan 'yan sakandare, da gamsuwar malamai da aikinsu, da damuwar masu jego, da firgicin da ya saura a zukatan 'yan gudun hijira. Idan ka buɗe babi na uku, za ka tarar da sakin layi kusan iri ɗaya: an kai wa masana uku takardar sun duba, an gwada ta a kan mutum ashirin ko talatin, lambar Cronbach ta haura 0.70, don haka ma'aunin ya inganta. Daga nan sai a tsallaka babi na huɗu, a zuba alƙaluma, duk jimlar da matsakaicin makinta ya kai 2.50 a rubuta cewa jama'a sun amince da ita.

Wannan ɗan sakin layin shi ne ƙashin bayan kundin gaba ɗaya, kuma shi ne wanda ɗalibi da sufabaiza da masu zaman kare kundi suka fi saurin wucewa. Abin yana damuna, domin duk wani jadawali da ya biyo baya, da duk shawarar da aka ba gwamnati a babi na biyar, darajarsu ba ta wuce darajar ma'aunin da ya haife su ba. Mun taso mun san tauye mudu haramun ne, kuma mai sayen hatsi ba ya yarda a auna masa da tiyar da bai ga gindinta ba. To takardar tambayoyi ma tiya ce, abin da ake aunawa da ita kuwa ya fi hatsi tsada, tunda hankalin mutane ne da halinsu da ciwon da ke ransu.

Abin da ido ba ya gani

Wahalar wannan fanni daga tushe take. Tsayin yaro ana iya sa masa magwaji a gani, zafin jiki akwai na'urarsa. Basira da fargaba da ƙwazo da damuwa kuwa babu wanda ya taɓa ganinsu. Abin da mai bincike ke da shi kawai alamomi ne: amsar da mutum ya bayar, aikin da ya iya, abin da ya ce yana ji. Daga alamomin nan yake hasashen abin da ke ɓoye. Saboda haka kowane maki da takardar tambayoyi ta fitar da'awa ce, kuma da'awa tana bukatar hujja.

Mutanen da suka fara wannan aiki sun san haka. A 1904 ma'aikatar ilimi ta Faransa ta kafa kwamiti kan yaran da karatu ke ba wuya, shekara guda bayan haka Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da gwaji mai ayyuka 30 domin gano yaran da ke bukatar ƙarin taimako. Binet ya yi gargaɗi cewa kada a ɗauki makin a matsayin wata basira da aka haifi yaro da ita wadda ba ta ƙaruwa. Ya rasu a 1911, gwajin nasa ya ƙetara zuwa Amurka, gargaɗin kuma aka bar shi a baya.

A 1917, da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, Robert Yerkes ya jagoranci gwada basirar sojoji kimanin miliyan 1.75. Masu iya karanta Ingilishi aka ba su gwajin rubutu, sauran aka ba su na hotuna. Cikin tambayoyin akwai na sunayen kayan masarufi da kamfanonin Amurka ke tallatawa, da na shahararrun 'yan wasa. Cikin hotunan akwai filin wasan tanis da aka cire wa raga, ana so mutum ya faɗi abin da babu. Manomin da ya sauka daga jirgin ruwa bara daga Italiya ko Folan, ina ya san filin tanis? Alƙaluman da kansu sun nuna cewa makin baƙi yana ƙaruwa gwargwadon shekarun da suka yi a Amurka, wanda ke nuna sanin ƙasar aka auna. Duk da haka Carl Brigham ya wallafa littafi a 1923 yana kafa hujja da su cewa baƙin da ke zuwa daga kudanci da gabashin Turai, da kuma baƙaƙen fata, basirarsu ƙasa take. Littafin ya fito a daidai lokacin da ake muhawarar da ta kai ga dokar taƙaita shigowar baƙi ta 1924. A 1930 Brigham ya fito ya janye maganarsa, ya ce ba ta da tushe. Amma ta riga ta yi shekara bakwai tana yawo da rigar kimiyya.

Darasin da ke cikin wannan labari ya shafi kowane ɗalibin digiri na biyu. Yawan mutanen da aka gwada ba ya gyara ma'aunin da ya karkace. Mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da hamsin ba su gyara na Yerkes ba, balle mutum 384 da ɗalibanmu ke ɗaukowa daga jadawalin tantance yawan waɗanda za a tambaya na Krejcie da Morgan na 1970.

Tambayoyi biyu da ake gwamutsawa

Ma'auni yana fuskantar tambayoyi biyu daban. Ta farko: tsayayye ne? Wato idan aka sake aunawa bayan mako biyu, ko wani ma'aikacin ya yi tambayar, ko aka kwatanta rabin tambayoyin da ɗaya rabin, sakamakon zai zo kusan ɗaya? Ta biyu: ingantacce ne? Wato abin da aka ce yana aunawa shi yake aunawa?

Lambar da Lee Cronbach ya bayyana a 1951, wadda ta zama ado a kundayenmu, wani yanki ne kawai na tambaya ta farko. Abin da take faɗa shi ne yadda amsoshin tambayoyin ke tafiya tare. Kuma tana da wata ɗabi'a da ya kamata kowane ɗalibi ya sani: tana hawa idan an ƙara yawan tambayoyi. A ɗauki tambayoyin da dangantakar da ke tsakaninsu mai rauni ce, matsakaicinta 0.2. Idan guda biyar ne, lambar za ta tsaya wajen 0.56. Idan aka mayar da su ashirin, ba tare da dangantakar ta ƙaru ko kaɗan ba, lambar za ta kai 0.83. Haka nan wanda ya maimaita tambaya ɗaya sau goma da kalmomi daban-daban zai sami lamba mai kyau ƙwarai, alhali lungu ɗaya kawai ya leƙa na abin da yake nema. Lambar ba ta cewa komai game da ko an auna fargaba ne, ko iya Ingilishi, ko son faranta wa malami rai.

Cronbach ɗin da kansa, tare da Paul Meehl, ya rubuta a 1955 cewa tabbatar da ingancin ma'auni aiki ne na tara hujjoji daga ɓangarori da yawa. Idan ka ce takardarka tana auna fargabar jarrabawa, to makin ya kamata ya hau idan jarrabawa ta matso, ya sauka lokacin hutu. Ya kamata ya dace da abin da malamai da iyaye ke gani a jikin yaran. Ya kamata ya bambanta da makin wani abu daban, kamar rashin son makaranta. Kowane ɗaya daga waɗannan hasashe ne da za a iya gwadawa, kuma yana iya faɗuwa. Sa hannun masana uku yana da amfaninsa, domin sukan kama tambayar da ta kauce ko wadda aka manta. Amma ra'ayinsu ne kan yadda takardar take a ido. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kada a ɗauka wannan rauni namu ne kaɗai. A 2017 Eiko Fried ya jera ma'aunai bakwai da aka fi amfani da su wajen auna cutar damuwa, ya tarar sun ƙunshi alamomi 52 mabambanta, da yawa daga ciki a ma'auni ɗaya tak suka fito. Ke nan masu bincike biyu za su iya cewa duk damuwa suka auna, alhali abubuwa daban suka tambaya. A 2015 kuma wata gamayyar masu bincike ta sake gudanar da nazarce-nazarce 100 da aka wallafa a manyan mujallun nazarin halayyar ɗan Adam, waɗanda sakamakonsu ya sake fitowa ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba. Dalilan suna da yawa, raunin awo yana cikinsu.

Tambaya tana sassaƙa amsarta

Mai tsara takarda yakan ɗauka ra'ayi yana nan a ajiye cikin kan mutum, tambaya kawai za ta je ta ɗauko. Shekaru tamanin na gwaje-gwaje sun nuna ba haka abin yake ba. A 1941 Donald Rugg ya tambayi wasu Amurkawa ko ya kamata a hana jawaban sukar dimokuraɗiyya, wasu kuma ya tambaye su ko ya kamata a ƙyale irin waɗannan jawabai. Ma'anar ɗaya ce, amma waɗanda suka ƙi yarda a ƙyale sun fi waɗanda suka yarda a hana yawa nesa ba kusa ba. A 1985 Norbert Schwarz da abokan aikinsa sun tambayi Jamusawa awa nawa suke kallon talabijin a rana. Da aka ba su zaɓin da ya fara daga rabin awa, kashi 16 ne suka ce suna wuce awa biyu da rabi. Da aka ba wasu zaɓin da ya fara daga awa biyu da rabi ya yi sama, sama da kashi 37 ne suka faɗi haka. Mutane sukan duba zaɓin da aka jera musu su gane me ake ɗauka daidai, sannan su sa kansu a ciki. A 1988 Fritz Strack da Leonard Martin da Schwarz sun tambayi ɗalibai yadda suke jin daɗin rayuwarsu da kuma yadda harkar soyayyarsu take. Idan tambayar rayuwa ta zo farko, amsoshin biyu ba su da wata alaƙa. Idan ta soyayya ta riga, alaƙar takan yi ƙarfi har ta kai 0.66. Jerin tambayoyi kawai aka sauya.

Yanzu a dubi tsarin da ya samo asali daga aikin Rensis Likert na 1932, na jera magana a ce mutum ya zaɓi ko ya yarda sosai, ya yarda, bai yarda ba, ko bai yarda ba sam. An daɗe da sanin cewa mutane sun fi karkata ga yarda da duk abin da aka karanta musu, kuma karkatar takan ƙaru idan mai tambaya ya fi mai amsa matsayi. A inda aka tarbiyyantar da yaro cewa musa wa babba rashin kunya ne, malami ya shiga aji ya raba takardar da duk jimlolinta suka fuskanci gefe ɗaya, me ake tsammani? Kusan kowace jimla za ta haye 2.50, mai bincike ya rubuta cewa hasashensa ya tabbata. Ladabin yaran ya auna. Maganin wannan sananne ne: a cakuɗa jimlolin, wasu su fuskanci nan wasu can, ko a bar neman yarda a tambayi abin kai tsaye, sau nawa, yaushe, da wa. Haka kuma jimla mai ɗauke da tambaya biyu, irin wadda ke cewa malamai suna zuwa a kan lokaci kuma suna koyarwa da kyau, a raba ta gida biyu, domin wanda malaminsa ke zuwa da wuri ya zauna yana hira ba shi da inda zai sa amsarsa.

Idan ma'auni ya yi ƙaura

A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun nazarin halayyar ɗan Adam, ya gano kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu Amurkawa ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu, waɗanda jama'arsu ba ta wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. A kan waɗannan mutane aka gina yawancin ma'aunan da ɗalibanmu ke saukewa daga intanet su rubuta cewa sun aro sun daidaita.

Robert Serpell ya nuna illar wannan a 1979. Ya ba yara a Zambiya da yara a Ingila aikin kwaikwayon siffofi. Da takarda da fensir, yaran Ingila suka yi gaba. Da waya, wadda yaran Zambiya suka saba lanƙwasawa suna ƙera motocin wasa, su ne suka yi gaba. Da yumɓu, wanda duka suka sani, suka yi kunnen doki. Da fensir kaɗai aka gwada, da an rubuta cewa yaran Afirka ba su da basirar gane siffa.

Hanyar da aka fi sani ta fassara ma'auni ita ce wadda Richard Brislin ya bayyana a 1970: wani ya fassara, wani daban ya mayar da fassarar zuwa harshen asali, a kwatanta. Tana kama kurakuran kalma, amma ba ta iya gaya maka abin da mai amsa ya fahimta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wata takarda mai tambayoyi 20 na e ko a'a, musamman domin ƙasashe masu tasowa, aka gwada ta a Kolombiya da Indiya da Sudan da Filifin. Duk da haka, da likitan ƙwaƙwalwa Frank Kortmann ya yi amfani da ita a Habasha cikin shekarun 1980, ya ƙara mataki ɗaya: duk wanda ya ce e, sai a ce ya yi bayani. Nan ya gano cewa amsoshi da dama ba abin da tambayar ke nufi suke nufi ba. Wasu lafazin ne ya ruɗe su, wasu ma'anar abin a al'adarsu daban take, wasu kuma suna da wata bukata a asibitin da ta sa suke son a gan su da ciwo.

A gwada wannan a kan takardar PHQ-9, mai tambayoyi tara, wadda aka wallafa ingancinta a 2001 kuma ake yawan amfani da ita a asibitocinmu da sansanonin 'yan gudun hijira. Ɗaya daga tambayoyinta tana neman sanin ko mutum na kasa tattara hankalinsa, misalin da ta bayar kuwa shi ne karanta jarida ko kallon talabijin. Tana kuma so mutum ya tuna makonni biyu da suka wuce ya ce abin ya same shi a wasu kwanaki ne, ko fiye da rabin kwanakin, ko kusan kullum. A kai wannan wa mai jego a ƙauye, wadda ba ta karatun boko, uwar mijinta na zaune a gefe, ma'aikacin kuma namiji ne baƙo. Wannan baiwar Allah an koya mata cewa mai haƙuri ba ya ƙorafi, idan an tambayi lafiya a ce alhamdu lillahi, kuma furta cewa mutum ya gaji da rayuwa kusa yake da butulce wa Ubangiji. Za ta iya fitowa da maki kaɗan alhali tana cikin tsananin ciwo. Abin da za ta faɗa da bakinta shi ne kanta na zafi, zuciyarta na bugawa, barci ya ƙaurace mata, tunani ya yi mata yawa. Abiodun Adewuya da abokan aikinsa sun gwada wannan takarda a Najeriya a 2006, suka kwatanta ta da ganawar ƙwararru, suka same ta da kyau. Amma a kan ɗaliban jami'a suka gwada. Inganci ba tambari ba ne da ake buga wa takarda ta riƙa yawo da shi har abada. Na wasu mutane ne, a wani harshe, domin wata bukata.

Mu Hausawa mun taɓa zama a ɗaya gefen wannan awo. A 1966 Robert LeVine na Jami'ar Chicago ya wallafa littafinsa *Dreams and Deeds*, inda ya kwatanta kishin neman ɗaukaka tsakanin Ibo da Yarabawa da Hausawa. Ya tattara mafarkai da insha'i daga samari 'yan sakandare, aka ba mafarkan maki bisa tsarin da ya samo asali daga aikin David McClelland. Ibo suka zo na ɗaya, Yarabawa na biyu, Hausawa na ƙarshe, a insha'in kuma Hausawa suka fi kowa ambaton biyayya a matsayin hanyar cin nasara. LeVine masani ne na gaske, ya kuma danganta bambancin da tsarin sarauta da barantaka, bai ce a jini yake ba. Amma tambayoyin inganci suna nan. Su wane ne samarin Hausawan da ke sakandaren boko a farkon shekarun 1960? 'Yan ƙalilan ne, da yawansu 'ya'yan masu sarauta da ma'aikatan En'e, waɗanda hanyarsu ta ɗaukaka da gaske ta biyayya ce. 'Ya'yan fatake suna makarantar allo ko suna kan hanya. Shin yaron da aka hore shi cewa ba kowa ake gaya wa mafarki ba zai rubuta wa baƙo abin da ya gani? Kuma ina za a sa fataken goro da suka yi ƙarnoni suna taka sayyada zuwa Gwanja, da 'yan kasuwar Sabo ta Ibadan da Abner Cohen ya rubuta a kansu a 1969, da Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955 ana ganin babu mai arzikinsa a Afirka ta Yamma? Ma'aunin da bai ga kishin waɗannan ba, akwai nau'in kishin da idonsa ba ya kaiwa. Sakamakon kuwa ya shiga littattafai ana ta ambatonsa. Wanda ya ji zafin wannan bai kamata ya je ya yi wa mutanen ƙauyensu irinsa ba.

Waɗanda suka fara da saurare

Akwai wata hanyar, kuma 'yan Afirka ne suka share ta. A 1982 Peter Ebigbo ya wallafa ma'aunin da ya gina a Inugu daga koke-koken da marasa lafiya ke kawowa da bakinsu, irin su zafi a cikin kai da jin kamar wani abu na tafiya a jiki. A Harare, Vikram Patel da abokan aikinsa sun zauna da marasa lafiya da ma'aikatan jinya da masu maganin gargajiya, suka tattara yadda mutanen Shona ke bayyana ciwon rai, suka gwada waɗanne maganganu ne ke rarrabe mai ciwo da mai lafiya, suka tace su zuwa tambayoyi 14, aka wallafa a 1997. Cikinsu akwai yawan tunani, wanda Bahaushe ma zai gane nan take. Amfanin wannan aiki ya fito daga baya. Da Dixon Chibanda ya kafa shirin da ake horar da dattawan mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, da wannan ma'auni aka tantance masu shiga, da shi kuma aka auna sauƙin da suka samu a gwajin mutum 573 da aka wallafa a 2016. Ma'auni ɗaya da aka gina da haƙuri ya ɗauki nauyin aikin shekaru ashirin.

Za a ce ma'aunin gida yana hana kwatanta mu da sauran duniya. Wannan magana tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Amma a dubi abin da kwatancen ke bayarwa idan ba a tabbatar ma'aunin yana aiki iri ɗaya a wurare biyu ba. Babban binciken da Oye Gureje ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2006, ya sami kashi 12 cikin ɗari na mutanen da aka tambaya a yankin Yarabawa sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu. Da irin wannan ma'auni aka sami kashi 46 a Amurka. Masu binciken da kansu sun nuna cewa hanyar tantancewar tana iya zama da hannu a ƙarancin adadin. Mai tsara kasafin kuɗi da ya ɗauki kashi 12 ya rufe littafi zai iya cewa matsalar ba ta kai a kashe mata kuɗi ba. Hanyar da ta fi ita ce a riƙe biyun: tambayoyin da duniya ta sani, bayan an gwada su a nan, tare da na gida da ke kama abin da suka bari.

Za a kuma ce babu kuɗi, babu lokaci, ɗalibi na da wata shida, sufabaiza na da ɗalibai talatin. Gaskiya ne. Har ma kowa ya san akwai takardun da ba su taɓa barin ɗakin ɗalibi ba, shi da abokansa suka cike su da biro kala-kala. Amma wannan yanayi hujja ce ta rage buri. Zama da mutum goma sha biyar, a karanta musu kowace tambaya a ce su faɗi abin da suka fahimta da kalmominsu, ba ya cin kuɗin da buga takarda ɗari huɗu ke ci. Komawa wurin mutum talatin bayan mako biyu a sake tambayarsu, kuɗin mota ne kawai.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, sassan jami'o'i su amince cewa ginawa ko gwada ma'auni ɗaya cikakken aikin digiri ne. Ɗalibar da ta kwashe shekara tana sauraron masu jego da ungozomomi da malaman da ake kai wa masu damuwa, ta fitar da tambayoyi goma sha biyu da Hausar da suke ji, ta kwatanta makinsu da ganawar likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware ko Maiduguri har ta gano makin da ya dace a ce daga nan akwai ciwo, ta yi wa ilimi hidimar da ta fi ta kundaye hamsin masu auna tasirin wani abu a kan wani abu da takardar aro.

Na biyu, a haɗa masu nazarin halayya da masana harshe. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya da fassara, sassan Hausa suna nan a Zariya da Sakkwato da Katsina, jami'o'i na nan a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Takardar da aka rubuta da Hausar Kano sai an sake gwada ta a Sakkwato da Tawa. Tunda da yawa daga masu amsa ba karantawa za su yi ba, a tsara ta domin kunne tun farko, a naɗi murya ɗaya da kowa zai ji, a kuma tanadi ta ajami. Su wa za su yi tambayar, mace ko namiji, a gaban wa, duk a rubuta su cikin ƙa'idar ma'aunin.

Na uku, mu daina tsammanin sai daga waje za a kawo mana abin da ya cancanci aunawa. Tun 1974 Anthony Kirk-Greene ya jera siffofin da Hausawa ke auna mutumin kirki da su, irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi da mutunci. Yaushe haƙuri ke kare mutum daga karyewar zuciya, yaushe yake hana shi neman taimako? Wannan tambaya ce ta kimiyya, amsarta za ta amfani likita da malamin makaranta da mai wa'azi, kuma ba za a same ta ba sai da ma'aunin da aka gina a nan.

Na huɗu, kowane kundi ya liƙa takardarsa cikakkiya da harshen da aka yi tambayar da shi, jami'o'in kuma su haɗa rumbu ɗaya na ma'aunan Hausa da aka gwada, tare da bayanin a kan wa aka gwada su da inda suka gaza, domin na baya ya ɗora daga inda na gaba ya tsaya.

A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Aiwatar da ita zai bukaci alƙaluma: mutum nawa ke da ciwo, a ina, wane magani ke aiki. Daga takardun tambayoyi waɗannan alƙaluma za su fito, kuma da su za a yanke wa za a duba, wa za a sallama. Don haka ina roƙon malamanmu da ke zaman kare kundi su riƙa tsayawa a babi na uku, su yi wa kowane ɗalibi tambaya ɗaya kafin a wuce: mene ne hujjarka cewa mutanen da ka tambaya sun fahimci abin da kake nufi, kuma sun sami damar gaya maka gaskiya? Ɗalibin da ya san za a yi masa wannan tambaya zai tafi wurin mutanen tun kafin ya rubuta jimlar farko.